Rasuwar Gwaggo Olga, Wadda Ta Tafi Da Muryar Preben

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da ya shekara arba'in da huɗu yana riƙe jan biro, ni Asta Ravnkilde, edita kuma mai ƙaramin gidan wallafa littattafan yara da ke bayan tashar jirgin ruwa a Svendborg, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da masu shagunan littattafai rasuwar tsohuwar kwamfutarmu, wadda kowa ya sani da suna Gwaggo Olga. Ta cika ranar wata Juma'a, makonni uku da suka wuce, da misalin ƙarfe tara da kwata na safe, a kan teburin da take zaune tun ranar da aka kawo ta. Ta rasu tana da shekara ashirin da bakwai. An ce mini a cikin jinsinsu wannan tsufa ne tukuf, wai in gode wa Allah. Na gode, amma ban huce ba.

Na san akwai masu dariya. Ku yi abinku, ba zan hana ku ba, amma ku bari in gama. A cikin marigayiyar ne kwafi na ƙarshe na wasan koyon karatu da gidanmu ya fitar yake, kuma a cikin wannan wasa ne kaɗai, a duk faɗin duniya, muryar mijina Preben ta rage. Shekara tara ke nan da muka binne shi. Saboda haka in kun ga tsohuwa ta sayi fili a jarida don ta yi makokin inji, ku san ba injin kaɗai take wa kuka ba.

An kawo marigayiya gidan nan a shekarar 1997, cikin kwalaye uku. Preben da Torkild mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke ƙasan titinmu, su suka hau da ita bene suna haki suna zagin matakala. Da aka kunna ta a karon farko sai ta yi wani tari, kof, kof, sannan ta ja dogon gurnani. Preben ya cire hula ya ce, "Wallahi gwaggona ce ta dawo. Haka take tashi kowace safiya." Sunan da ya bi ta ke nan har ranar da ta bar mu.

A lokacin duk masu wallafa sun rikice. Kowa ka haɗu da shi a taro sai ya ce maka yara sun bar littafi sun koma gaban allo. Preben mai zane ne, shi ke yi wa littattafanmu hotuna, kuma mutum ne da ba ya iya ganin yara sun nufi wani wuri bai bi bayansu ba.

"Shugaba," haka yake kirana in yana neman wani abu, "ko mu bi yaran nan inda suka tafi, ko mu zauna muna yi wa kujeru karatu."

"Ka bi su kai kaɗai," na ce. "Ni littafi na sani."

"To ki gyara mana rubutun kawai. Kar mu koya wa 'ya'yan mutane kuskure, a ce daga gidanki ya fito."

Ya san inda zai taɓa ni, mugun. Shekara biyu muka yi a kan abin nan.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, kuma ku ne mafi yawa, sunansa Kawu Bushiya Mai Kai Wasiƙa. Wata bushiya ce da hular ma'aikatan gidan waya da jaka da keke. Ƙauyen da yake kai wa wasiƙa yana da gidaje ashirin da tara, gida ɗaya ga kowane harafi na harshenmu. Ruwan sama ya wanke sunayen da ke bayan ambulan, sai yaro ya sake rubuta sunan mai gidan daidai kafin Kawu Bushiya ya kai wasiƙar. Da farko mun ɗauko wani ɗan wasan kwaikwayo daga Odense ya yi muryar. Murya ce mai kyau, kamar ta mai karanta labarai. Da muka gwada a wata makarantar yara, biyu suka yi barci, ɗaya ta fashe da kuka. Preben ya karɓi takardar don ya nuna wa mutumin yadda yake so, kafin ya kai layi na uku yaran sun kewaye shi suna ƙyalƙyala dariya.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Preben ɗan tsibiri ne, yana haɗiye ƙarshen kowace kalma, muryarsa kuma a dishe take tun yana saurayi. Na ce ta yaya za a koya wa yara haruffa da bakin mutumin da ke cinye rabinsu? Ba wanda ya saurare ni. A cikin kabad ɗin da muke rataye rigunan sanyi ya naɗi muryar, don nan ne kaɗai ƙarar jirgin ruwa ba ta shiga. Sai ya yi sa'a biyu a ciki, ya fito jiƙe da gumi yana tambayar ko akwai sauran kofi.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai cika alkawari, marar son duniya. Ba ta taɓa shiga intanet ba, ba ta kuma nemi shiga ba. Ba ta taɓa tsayar da ni tsakiyar aiki ta ce sai an sabunta ta ba, kamar wannan figaggiyar da 'yata Merete ta sayo mini, wadda kullum tana da wata sabuwar buƙata. Tana da jinkiri, gaskiya ne. Daga danna ta zuwa farkawarta mutum zai iya dafa ƙwai. Amma in ta farka, ba ta taɓa canza ko abu ɗaya ba. Tari biyu, gurnani, ɗan ƙaramin ɗit, sai ƙararrawar keke, ƙililin, ƙililin. Sannan a ce:

"To, ina kwana, abokin aiki. Jaka ta cika. Mu tafi?"

In ka rubuta daidai sai ya yi fito. In ka yi kuskure sai ya ce, "Ash! Ba komai. Ni ma haka na fara." In kuma ka tashi ka bar shi ya jima, za ka ji ya gyara murya ya ce, "Kana nan kuwa? Ni dai ina nan." Wannan layin ba ni na rubuta ba, ban kuma yarda da shi ba a lokacin. Na ce surutu ne marar amfani.

Wasan ya fito a 1999, bai kuwa yi kasuwa ba. Cikin dubu uku da muka buga, wajen ɗari takwas suka shiga gidajen mutane. Manyan kamfanoni suna da dodanni masu tashi sama da motoci masu fashewa, mu kuwa muna da bushiya mai tuƙa keke a hankali. Bayan shekara huɗu muka koma kan littattafanmu, ba mu sake gwadawa ba. Preben ya ji zafi amma bai nuna ba, ni kuma na ji daɗi na nuna, abin da har yau nake jin kunyarsa.

A nan ya zama dole in faɗi abin da ya sa marigayiya ta zama ita kaɗai, domin sanarwar rasuwa ba wurin ƙarya ba ce. Mu mutanen littafi ne, sai muka yi wa wasan abin da muke yi wa littafi. Littafin da ya ƙi sayuwa ana kai shi masana'antar takarda a niƙa, muka kai ragowar kwafin wasan. Suka ɗauki kwalayen suka zubar da faya-fayan wasan da ke ciki. In littafi ya fito ana zubar da takardun gyara, don haka kaset-kaset ɗin da Preben ya naɗa a cikin kabad suka bi shara. Kamfanin da ya haɗa mana wasan ya watse tun ba a je ko'ina ba. Saura kwafi biyu, waɗanda doka ce a gidan nan a ajiye na kowane abu da muka fitar, a ɗakin ƙasa. To, akwai wata dokar kuma, wadda na gada daga mahaifina: ba a ajiye ƙarfe ko roba cikin takarda, don suna ɓata ta. Wata bazara ina gyaran ɗakin ƙasa, na buɗe kwalayen nan biyu, na zare faya-fayan da hannuna, na naɗe kwalayen da 'yan littattafan bayanin cikin takarda mai kyau, na rubuta musu lamba, na jera su. Na ji ni ƙwararriya.

Na hau sama da faya-fayan na ce wa Preben, "Ina zan kai waɗannan?"

"Kawo," ya ce. "Tsuntsaye sun dame ni a bishiyar ceri. Ai akwai wasan a cikin Gwaggo."

Ya rataye su da zare a rassan suna walƙiya, kuma tsuntsayen sun ji tsoro, wannan kam zan ba su shaida. Damina biyu suka yi a waje kafin fatarsu ta ɓare.

Da Preben ya rasu, sai bayan an watse daga zaman makoki na fara neman muryarsa. Na ɗauka tana ko'ina. Ashe mutumin nan ya gudu daga kowace na'ura duk rayuwarsa. Saƙon wayar gida muryata ce. A bidiyon bikin Merete ana ganinsa yana rawa yana magana, amma kiɗa ya rufe komai. Hotuna muna da su cike da akwati, zane-zanensa kuwa sun fi dubu. Na yi wata biyu ina yawo cikin gida kamar wadda ta manta abin da ta shigo ɗauka. Ran nan na zo ofis da safe, na ɗaga ƙyallen da ke kan Gwaggo Olga don in share ƙura, na danna ta ba tare da wani dalili ba. Ta yi tarinta, kekensa ya yi ƙara, mijina ya ce mini ina kwana. Sai da na zauna a ƙasa.

Tun daga ranar kowace Juma'a da safe nakan zo kafin kowa, in zuba kofi, in yanka burodi, in kunna ta. Ni da na mayar wa marubuta littafi sukutum saboda waƙafi ɗaya, ni ce nake zama in rubuta sunan mai gida ba daidai ba da gangan, sau biyar, sau shida, don kawai a ce mini ba komai. Wani lokacin in tashi in tsaya bakin taga in yi shiru har sai ya tambaya ko ina nan. Nakan amsa masa.

Merete ta sani. Duk zuwanta daga Aarhus sai ta tayar da maganar.

"Mama, don Allah ki bar Torkild ya kwafe abin nan. Rabin yini kawai zai ɗauka."

"Me ya same ta? Lafiyarta ƙalau. Akwai littafin kakanki a ƙasa, ya shekara ɗari, wa ya taɓa kwafe shi?"

"Mama, wannan ba littafi ba ce."

"Ke dai ci kek ɗinki."

Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ina ganin in aka kwance mata ciki wani abu zai tsinke, a ce mini yi haƙuri. A sanina abin da ka ajiye a kan kanta ka rufe, ka hana shi danshi da rana, yana nan har jikokinka. Ba wanda ya taɓa koya mini cewa akwai abin da ke mutuwa yana ajiye.

Ciwon ajalinta ya fara ne a farkon kaka. Bayan tarin sai na ji wani sabon sauti daga can ciki, ƙas, ƙas, ƙas, a hankali. Juma'ar farko na ce sanyi ne, na matso mata da hita. Juma'a ta biyu Kawu Bushiya ya tsaya cak a tsakiyar hanya da ƙafa ɗaya a sama, muryar ta maƙale tana maimaita rabin kalma. Ranar Laraba na sauke girman kai na buga wa Torkild waya. Yanzu shi ma ya tsufa, ya rufe shago, yana wajen 'yarsa a wani tsibiri. Na kwaikwaya masa sautin.

Ya ce, "Asta, ki saurare ni da kyau. Litinin zan shigo jirgin safe. Kafin nan kar ki kunna ta. Kar ki taɓa ta. Ko ƙura kar ki share."

"Na ji."

"Na san ki fa. Kin ji, ko kin ji?"

"Haba Torkild, yarinya ce ni?"

Ranar Juma'a na zo ofis da niyyar in sha kofina kawai a gefenta. Na zauna, na sha rabi. Shekara tara ban tsallake Juma'a ɗaya ba, har ranar da aka yi mini aikin ido sai da na sa aka kawo ni. Na ce a raina gaisuwa kawai, minti ɗaya, in ji ina kwana in kashe. Na danna. Ta yi tari ɗaya, ba biyu ba. Ƙararrawar keke ta yi ƙara. Ya ce, "To, ina kwa…" Sai wani dogon ƙiiii, kamar ana jan ƙusa a kan faranti, fuskar allon ta yi baƙi, fankar ta juya kaɗan ta tsaya.

Torkild ya zo Litinin da jakar kayan aikinsa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire ma'ajiyar cikinta ya naɗe a tawul, Merete ta kai wa masana a Kopenhagen da kanta, shi ya sa wannan sanarwa ta makara. Jiya suka bugo. Sun ce allurar da ke karanta faifan da ke cikin ma'ajiyar ta faɗa kansa ta kankare shi, abin da ya rage gari ne. Na tambayi mutumin, da ban kunna ba fa? Ya ce ba zai iya sani ba. Yaron kirki ne, ƙarya ya yi mini.

Merete ta yi cigiya a makarantu da ɗakunan karatu da intanet. Duk sun zubar tun da daɗewa. Mutum biyu sun aiko da kwalin wasan, Allah ya saka musu. Ɗaya ba komai a ciki, ɗayan kuma faifan waƙoƙin Kirsimeti ne.

Marigayiya ta rasu ta bar allo mai nauyin buhun dankali, da madannai waɗanda haruffa uku suka goge a kansu, da linzami mai igiya, da lasifika biyu, dukkansu da ransu amma ba su da abin faɗa. Ta bar kwalaye biyu a ɗakin ƙasa, masu lamba, cikin ƙoshin lafiya. Ta bar Torkild, wanda ya hau da ita bene kuma ya ce shi zai sauko da ita. Ta bar yara wajen ɗari takwas da suka koyi haruffa a wasan da ta riƙe, waɗanda yanzu sun haura talatin, wasunsu da nasu yaran. Ta bar ni.

Akwai kuma abin da ta tafi da shi, wanda ko Merete sai a jaridar nan za ta karanta. Bayan gida na ashirin da tara akwai ƙofa ta talatin, gidan Kawu Bushiya kansa. Yaron da ya kai duk wasiƙun shi ake buɗe wa, Kawu Bushiya ya yi masa magana ta ƙarshe. Wannan maganar ba ta bi ta teburina ba. Preben ya naɗe ta ne makon da na tafi baje kolin littattafai a Italiya. Da na dawo na ce ya ba ni takardar in duba.

"Babu takarda, Shugaba. In kina son ji, ki kai wasiƙu ashirin da tara kamar kowa."

"Ni da girmana zan zauna ina wasan yara?"

"To shi ke nan. Yana nan yana jiranki."

Shekara goma sha bakwai ya yi yana tsokanata, lokaci lokaci muna cin abinci sai ya ce, "Kin kai gida na nawa?" Ni kuma in ce ya miƙo gishiri. Bayan rasuwarsa, da na fara kunna ta, cikin wata guda na kai duk wasiƙun. Na tsaya gaban ƙofar nan, koriya ce, da fitila a samanta, dannawa ɗaya ya rage. Ban danna ba. Duk sauran maganganunsa na haddace su, amma muddin ƙofar nan tana rufe, Preben yana da sauran abin da bai gaya mini ba tukuna, kuma mutumin da ke da sauran magana bai gama tafiya ba. Na ce zan buɗe ranar da likita ya ce mini in shirya. Na ɗauka ni zan riga Gwaggo Olga tafiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa. Za a ɗaga gawa daga ofishinmu da ƙarfe goma na safe, a bayan motar Merete, zuwa wurin tara shara na gari, sashen kayan lantarki. Ma'aikacin wurin zai nuna kwandon da za a sa ta, ina roƙon kada kowa ya yi gardama da shi, aikinsa yake yi. Tutar gidan za ta kasance a rabin sanda har mu dawo. Daga nan za a sha kofi a bene, akwai kek da burodi da man shanu, matakalar tana da tsayi, masu ciwon gwiwa su zo da wuri su hau a hankali.

Ba a buƙatar furanni. Wanda ke da faifan wasan a cikin tarkacen gidan iyayensa ya zo da shi, ko da yake na daina sa rai.

Roƙona ɗaya ne, ga ku yaran da kuka yi wasan nan kuna 'yan shekara shida. A cikinku dole akwai waɗanda suka kai har ƙarshe aka buɗe musu ƙofar. Don girman Allah ku zo ku gaya mini abin da mijina ya ce. Ko kalmomin sun ɓace muku, ku zo da abin da ya rage, ko dariya ya yi, ko waƙa, ko sallama kawai. Zan zauna a kujerar da ke kusa da matakala, ba zan tashi ba sai na ƙarshenku ya sauka.